Jerin Sunayen da Sabar Ta Tona

Ni ce na ɗora takardun mutanenmu a intanet, ni ce kuma na bar su a buɗe har wata bakwai ban sani ba. Na fara da faɗin wannan ne don kada a ce yabon kai ya kawo ni. Yabon kan ma zan yi, amma sai na gama faɗin laifina tukuna.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Bani Malik, a hawa na uku na wani tsohon bene da matakalarsa ke ƙamshin soyayyar albasa da turaren wuta tun ina rarrafe. Kakana ya zo aikin hajji daga Katsina, ya ga wuri, ya zauna. Mahaifina tela ne, shagonsa yana ƙasan benen. Hausata a bakin kakata na tsince ta, shi ya sa har yau idan na yi magana da sababbin zuwa sai su ce ina Hausar tsofaffi. Na yi karatun kwamfuta, na sami aiki a wani kamfanin jigilar kaya, a sashen da ake kira idan na'ura ta ƙi tashi ko shafin kamfani ya tsaya. Mu shida ne a sashen, ni kaɗai ce mace, kuma ban taɓa yarda wani ya raina mini wayo ba.

Mutanenmu suna da ƙungiyar jana'iza wadda ta girme ni. Dalilin kafa ta ɗaya ne. Idan mutum ya rasu a nan ba shi da wata takarda da ke nuna ko shi wane ne, gawarsa tana iya daɗewa a ɗakin sanyi na asibiti kafin a sami izinin binnewa. Akwai kuwa mutane da yawa da suka zo umara ko hajji suka zarce, wasu suna dako, wasu wanki da guga, wasu sayar da abinci, ba su da iƙama, wato takardar izinin zama. Irin waɗannan sukan kawo wa ƙungiya kwafin tsohon fasfonsu da lambar wayar wani ɗan'uwa a gida, su ce, “Ga ajiya, ko ta Allah za ta kasance.” Ba ƙaramin abu ba ne mutumin da kullum yake kaffa-kaffa da kansa ya miƙa maka sunansa na gaskiya.

Shugaban ƙungiyar abokin mahaifina ne, tsohon direban tirela, Kawu nake ce masa. Takardun suna cikin jakunkunan leda a kabad ɗin falonsa, mabuɗin kuma yana aljihunsa duk inda ya je. Wata shekara wani lebura ya rasu a unguwar Khumra, Kawu yana Madina, sai da gawa ta ƙara kwana uku saboda mabuɗi. Ranar da maza suka dawo daga maƙabarta na ce wa mahaifina wannan abin kunya ne, kuma ni zan iya maganinsa.

Na kama hayar ƙaramar sabar. Ga wanda bai sani ba, sabar kwamfuta ce da ke zaune a wani wuri a kunne kullum, ita ke riƙe da shafin intanet tana miƙa shi ga wanda ya nema. Na yi Asabar shida ina zuwa gidan Kawu da na'urar ɗaukar hoton takarda, matarsa tana cika ni da shayi da na'ana'a. Na gina shafi mai kalmar sirri, dattawan kwamiti huɗu kaɗai suka san ta. Ko ina ɗayansu yake, zai buɗe waya ya fito da takardar mamaci a gaban ma'aikacin asibiti.

Wurin sa wa hotunan suna ne muka ɗan yi gardama da Kawu. Ni na so in rubuta sunan mutum kawai.

“Ya binti, suna kaɗai ba ya isa,” in ji shi. “Masu suna iri ɗaya a Khumra kaɗai sun fi goma. Idan an kira ni daga mustashfa, asibiti ke nan, ba za a ce wane ɗan wane ya rasu ba. Cewa za a yi mai shayin ƙofar warshar walda ya faɗi. Rubuta yadda aka san mutum.”

Gaskiya ya faɗa. Mu nan da sana'a ake saninmu, da kuma lungun da muke kwana. Saboda haka kowane hoto na sa masa suna, da laƙabi, da sana'a, da inda mutumin yake zaune, sannan a ƙarshe na rubuta “da iƙama” ko “ba iƙama”, domin hanyar neman izinin binne su ba ɗaya ba ce. Hotunan sun haura ɗari uku. Na zuba su duka a folda ɗaya na sa mata suna “ajiya”.

Abin ya yi aiki kuwa. Wata tsohuwa ta rasu a unguwar Sharafiyya da hantsi, kafin magariba an kai ta makwancinta. Dattawa suka riƙa sa mini albarka, mahaifina yana gaya wa duk wanda ya kawo ɗinki cewa 'yarsa ce ta yi. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Wata ranar Lahadi da safe kamfaninmu ya kawo wani ƙwararre ya duba tsaron kwamfutocinmu. Aka tara mu shida a ɗakin taro, ya haska allonsa a bango. Bai yi wani abin al'ajabi ba. Adireshin shafin kamfani ya rubuta, ya ƙara wasu haruffa na shirme a ƙarshe. Sabar ta ba da haƙuri cewa ba ta sami abin da ake nema ba, sai kuma ta zarce da surutu: ta faɗi sunan manhajar da ke tafiyar da ita, ta faɗi sigarta, ta nuna hanyar foldar da ta leƙa ta rasa. Ya ɗauki sunan foldar ya rubuta shi kaɗai. Sai ga duk abin da ke ciki ya jeru a allo, layi bayan layi.

Ya ce mu lura, bai fasa komai ba, bai saci kalmar sirrin kowa ba. Tambaya ya yi aka ba shi amsa. Wasu manhajojin sabar haka ake kafa su, idan folda ba ta da shafin gaba sai su jera kayan cikinta ga duk wanda ya zo, sai in an hana su. Wanda kuma ya san sigar manhajarka, zai je ya duba raunin da aka riga aka gano a wannan sigar, ya dawo ya gwada. Tamu ta kamfani ta yi wata da watanni ba a sabunta ta ba.

Abokin aikina da ke kula da wannan sabar ya yi tsuru-tsuru. Ni kuwa na fi kowa dariya. Har na ce masa in yana son darasi ya same ni bayan azahar, ba zan caje shi ba.

Bayan azahar ɗin ina zaune a teburina, shinkafa bukhari a gabana, cokali a hannu, sai wani abu ya ɗarsu a raina. Na jawo waya, na rubuta adireshin shafin ƙungiya, na ƙara haruffan shirme. Sabar ta ba da haƙuri, ta faɗi sunanta da sigarta, ta nuna hanyar folda. Na rubuta “ajiya”.

Suka jeru.

Ba a tambaye ni kalmar sirri ba. Kalmar sirrin da nake taƙama da ita shafin gaba kaɗai take tsarewa, hotunan kuma suna zaune a wurin da sabar ke miƙa wa kowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba sai mutum ya buɗe hoto ko ɗaya ba. Sunayen da na sa musu sun gama komai. Wance mai masa, ƙofar warsha ta biyu, ɗaki na bayan sito, ba iƙama. Wane mai guga, saman shagon taya, ba iƙama. Haka har ƙasa. Da hannuna na rubuta wa duk mai neman cutar bayin Allah jerin inda zai same su.

Abu na farko da na yi shi ne kashe shafin gaba ɗaya. Sannan na je wurin shugaban sashenmu na ce ina da uzuri a gida. Ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba.

Daga la'asar ɗin nan har washegari da yamma ban yi wani aiki ba sai gyara, in ban da barci da salla. Na kwashe hotunan daga inda sabar ke iya miƙa su kai tsaye, na kai su can ciki, yadda ba wanda zai kai gare su sai ta shafin da ke tambayar kalmar sirri. Na hana jera kayan folda, ba wannan foldar kaɗai ba, ko'ina. Na rufe wa sabar baki, ta daina faɗin sunanta da sigarta, idan aka nemi abin da babu ta ce babu ta yi shiru. Ina cikin dubawa na tarar da wani tsohon kwafin ajiya da na yi tun farko na manta da shi a fili, cikinsa har da kalmar sirrin rumbun bayanai. Na goge shi, na canza duk wata kalmar sirri. Na sabunta manhajar, wadda ni ma tun ranar da na kafa ta ban sake taɓa ta ba, wai don kada in taɓa abin da ke aiki ya lalace. Na tuna dariyar da na yi wa abokin aikina, kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Da na gama, na gwada duk abin da ƙwararren nan ya yi, da wayata, da wayar mahaifiyata, da kwamfutar maƙwabta. Shiru. Na bincika sunayen mutane a shafukan bincike ko sun bayyana, ban ga ko ɗaya ba. Na ɗan sami numfashi.

Sai na buɗe rajista. Sabar tana rubuta duk wanda ya nemi wani abu a wurinta, da lokaci, da abin da ta ba shi. Na bi wata bakwai layi-layi. Yawanci na'urorin da ke yawo a intanet ne suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ba su kai ga foldar ba. Amma wata biyu da suka wuce, wani ya buɗe jerin. Ya dawo washegari ya sake buɗewa, ya sauke hotuna goma sha ɗaya. Dukansu masu “ba iƙama” ne. Rajista ba ta faɗin sunan mutum, lamba kawai take nunawa, kuma lambar ba ta kai ni ko'ina ba.

A nan ne shaiɗan ya zauna kusa da ni. Ramin ya toshe. Ba wanda ya sani sai ni. Dattawan kwamiti ko an nuna musu rajistar ba za su gane komai ba. In na yi shiru, ina nan a matsayina na yarinyar kirki mai albarka.

Na sauka shagon mahaifina. Yana kan keke yana ɗinka wuyan jallabiya. Na gaya masa komai, ina ƙoƙarin sauƙaƙa bayani. Bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen layin ɗinkin, ya yanke zare.

“An ɗauka, ko ba a ɗauka ba?”

“An ɗauki na mutum goma sha ɗaya, Baba. Jerin kuma an gan shi duka.”

“To me kika tsaya yi a nan? Ni in dutsen guga ya ƙona wa mutum yadi, ko a cikin kalmasa ne inda ba zai taɓa gani ba, nuna masa nake yi. Kayansa ne. Yalla, je ki wurin Kawunki.”

Na sami Kawu bayan isha'i a falonsa. Ya saurare ni yana juya carbi. Da na gama ya ce, “Kin gyara?”

“Na gyara.”

“Khalas. Allah ya yi miki albarka. Maganar ta tsaya a ɗakin nan.”

Na ce ban gane ba.

“Ya binti, shekara nawa na yi ina lallashin mutanen nan kafin su yarda su kawo takarda? Kin san su. In suka ji an gani, gobe kowa zai zo ya karɓe tasa. Sai mu koma gidan jiya, mutum ya mutu a rasa wanda zai ce ga sunansa. Wannan kike so?”

Maganarsa tana da nauyi, na sani, kuma ba don kansa yake yi ba. Amma ina da zuciya, kuma ranar ta motsa. Na manta da wanda nake magana, na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. Na ce wanda ya ɗauki hotunan nan ba don ya yi musu addu'a ya ɗauka ba. Gobe zai kira mutum a waya, ya karanta masa lambar fasfonsa da sunan ɗan'uwansa na gida da ɗakin da yake kwana, ya ce shi mai gyara iƙama ne, ko ya ce in ba a yi masa abin da yake so ba zai tona asiri. Wanda bai san an ga takardarsa ba, ta yaya zai ƙi yarda? Na ce mu da muke da takardunmu ba abin da zai same mu, su ne a tsakiyar rana, kuma mu muka fitar da su.

Matarsa ta leƙo daga kicin ta koma. Kawu ya ajiye carbinsa. Ni kuma na fara jin nauyin abin da na yi, na sunkuyar da kai na ce ya yi haƙuri da ɗaga muryar.

“Halin kakarki ne, ba laifinki ba,” in ji shi. “Tayyib. Zan kai ki wurinsu. Amma ke za ki yi magana, ni ban san yaren kwamfuta ba.”

Sauran mutane aka sanar da su ta bakin dattawan kwamiti, unguwa-unguwa. Goma sha ɗayan nan kuwa mu muka bi su da ƙafa, Juma'a da Asabar, a tsohuwar motar Kawu da na'urar sanyinta ta mutu. Na shirya jawabi mai tsawo, amma tun a gida na farko na gane ba shi da amfani. Abin da na riƙa faɗa gajere ne: takardar da ka ba mu ajiya, wani da ba mu sani ba ya gan ta, laifina ne, na toshe hanyar, amma abin da ya gani ya gani. In wani ya kira ka yana karanta maka bayananka, kada ka yarda da shi. In kana son takardarka, ga ta.

Wani mai guga a Sharafiyya dariya ya yi, ya ce hoton fasfon nan ko uwarsa ba za ta gane shi ba yanzu. Wani dattijo mai gadi ya ce Allah ya rufa asiri, ya ba mu ruwa. Mutum uku suka karɓe takardunsu ba tare da sun kalle ni ba. Duk na jure. Wadda ban manta ba ita ce mai masa.

'Yar Damagaram ce, ta kai sa'ar mahaifiyata, Inna kowa ke ce mata. Ta fi shekara goma tana suya a ƙofar wata warshar walda a Khumra, leburori da direbobi sun san ta, tun kafin rana ta yi zafi kaskonta ya ƙare. Muka same ta tana wanke tanda a bakin ɗakinta na bayan sito. Ta shimfiɗa wa Kawu tabarma. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo mu.

“Bon,” in ji ta. “Mi aka rubuta a kaina?”

Na so in kauce, na ga ba hali. Na karanta mata layin yadda yake.

“Har ɗakin da nike kwana?”

“Har shi, Inna.”

Ta ajiye tandar a hankali. “Ɗiyata, ni takardar mutuwa na ba ku. Na ce in na faɗi a san inda za a kira. Wa ya ce ki rubuta inda nike kwana ina da rai?”

Kawu ya buɗe baki zai ce shi ya sa ni, na riga shi. Na ce ni na rubuta, ni na ɗora, ni na bar shi a buɗe. Ta wanke ni tas. Ta ce mu 'ya'yan Jidda ba mu san tsoro ba, an haife mu da takarda a hannu, ba mu san yadda mutum ke jin ƙarar mota ta tsaya a ƙofa cikinsa ya ɗuri ruwa ba. Ta ce karatun da bai koya wa mutum rufa asirin na ƙasa da shi ba, ita ba ta ga amfaninsa ba. Babu ƙarya a cikin maganarta. Ta karɓi kwafin takardarta, ta ce in goge na cikin na'ura a gabanta. Na buɗe kwamfuta a kan gwiwata na goge, na nuna mata wurin babu komai.

Kafin sati ya zagayo ta bar ɗakin, ta bar ƙofar warshar. Aka ce ta koma wani lungu can ciki inda ba kowa ya san ta ba, ciniki ya ragu sosai. Wannan ya daɗe yana ci mini rai. Shekara goma ta yi tana gina wurin nan, ni na rushe shi da sunan fayil.

Mutum ashirin da wani abu suka karɓe takardunsu gaba ɗaya. Kawu bai taɓa ce mini “ai na gaya miki” ba, kuma na gode masa. Muka zauna da kwamiti muka sake tsari. Hotuna suka koma lamba zalla, ba suna, ba laƙabi. Inda mutum yake kwana muka cire shi daga na'ura kwata-kwata, haka ma maganar iƙama, tunda dattawan sun san mutanensu a ka. Abin da asibiti ke bukata kaɗai muka bari. Kowane dattijo ya sami tasa kalmar sirrin daban, don in an shiga a san wa ya shiga. Ni kuma na ɗora wa kaina aiki: duk Asabar da safe kafin in karya, sai na duba ko an fitar da gyaran manhaja, in sabunta, in karanta rajistar mako. Har yau ban fasa ba. Kawu yana tsokanata wai na mai da sabar kamar jaririya, kullum ana duba ko ta yi kashi.

A ofis na je na sami abokin aikin da na yi wa dariya, na gaya masa abin da ya faru da ni. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce in ina son darasi in same shi bayan azahar. Na cancanci wannan.

Bayan kamar wata guda, dattijon nan mai gadi ya kira Kawu. Wani ya buga masa waya da Hausa mai kyau, ya karanta masa lambar fasfonsa, ya ce akwai hanyar da zai sama masa kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya masa, a gyara masa zama. Dattijon ya ce masa, “An riga an gaya mini za ka kira,” ya kashe. Ba ni da tabbacin daga wurinmu mutumin ya sami lambar, kuma ba zan taɓa samu ba. Amma ranar na ci abinci da daɗi. Na yi alfahari, kuma ba na jin kunyar faɗa. Shafin da na gina kowane ɗalibin kwamfuta zai iya gina shi. Zuwa ƙofar mutum goma sha ɗaya ka ce ni na yi, wannan ba kowa ba.

An kusa shekara, wata Asabar da hantsi mahaifiyata ta ce ina da baƙi. Na fito na tarar da Inna mai masa a falo, da wasu mata uku da ban sani ba, duk sun takure a gefen kujera kamar masu jiran likita. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a daƙile, ta ce sababbin zuwa ne, ɗaki ɗaya suke, aikin gidaje suke yi.

“Na ce su kawo papiyensu, takardunsu, ajiya,” in ji ta. “Suka ce suna tsoro, sun ji an taɓa ganin na mutane.”

Na ce gaskiya ne, an taɓa gani.

Ta juya wurinsu. “Kun ji ko? Ita ce wannan. Ita ta yi ɓarnar, kuma ita ta tako har ɗakina cikin rana ta durƙusa ta faɗa mini, ba wanda ya kama ta. Shekarata nawa a ƙasar nan, an cuce ni ya fi a ƙirga, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ni ne. Ku ba ta.”

Suka kwance bakin mayafi ɗaya bayan ɗaya, suka fito da takardu a naɗe cikin leda. Na karɓa. Na ɗauki hotunan a gabansu, na nuna musu lambar da kowacce ta samu, na nuna musu babu suna, babu unguwa. Inna ta matso ta ƙura wa allon ido, duk da na san ba ta karanta boko.

Da suka tashi tafiya na raka su har matakala. Na yi ta maza na ce, “Inna, taki fa?”

Ta gyara mayafinta, ta kama ƙarfen matakala.

“Tawa tana wurina. Sai na ga yadda kika yi da tasu.”

Ta sauka a hankali, matan uku suna biye da ita. Shekara biyu ke nan, ba ta kawo ba tukuna, ni kuma ban sake tambaya ba.